Takardar Koke Kan Rushe Badalar Kano

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Kano,
ta hannun Mai Girma Hakimi.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa Takawa lafiya.

Mu talakawanka mazauna unguwannin bakin badala muke kawo kuka. Badalar da Sarki Gijimasu ya aza tubalinta, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, ita ce ake cinyewa a gaban idonmu. A da masu yin bulo ne ke yakutar ƙasarta da kura. Yanzu katafila ake kawowa, kuma ba a kawo ta sai yammacin Juma'a, bayan an tashi daga ofis. A bayan gidajenmu mun kwana muna jin rugugin inji, tifa na shiga tana fita. Da asuba tudun da yaranmu ke hawa suna hangen gari ya zama fili, har an kafa duwatsun filoti. Wani dattijo a cikinmu ya tsaya a wurin da carbinsa, ya kasa cewa uffan. Litinin muka kai ƙara, aka ce mu rubuto a takarda.

Ranka ya daɗe, doka tana nan. Tun 1979 aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, kuma a 2007 aka sa ganuwar Kano cikin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya. Duk da haka a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. Abin da muka rasa shi ne mutumin da za a buga wa waya da tsakar dare, ya zo ya ce "a tsaya", a kuma tsaya.

A Ostireliya akwai irin wannan iko a rubuce. Dokarsu ta 1984 da ke kare wuraren gadon ƴan asalin ƙasar ta ba jami'i damar hana taɓa wuri na awa 48 idan ɓarna ta ƙarato, minista kuma ya hana na kwana 30. Amma ko a can an yi sake. Ranar 24 ga Mayu 2020 kamfanin Rio Tinto ya fasa kogunan dutse na Juukan da nakiya don haƙar tama, da izinin da gwamnatin jihar Yammacin Ostireliya ta ba shi tun 2013. Mutane sun zauna a kogunan nan tun shekara 46,000 da suka wuce, an ma tono wata ɗamara mai shekara 4,000 da aka yi da gashin mutum a ciki. Daga baya shugaban kamfanin ya sauka, amma kogunan sun tafi. Shi ya sa muke son namu ikon ya kasance a hannun wanda yake kwana kusa da badala.

Muna roƙon Mai Martaba ya sa baki Majalisar Dokokin Jiha ta yi dokar da za ta ba hakimi, tare da jami'in Hukumar Tarihi da Al'adu, ikon dakatar da kowane aiki a jikin badala ko ƙofa nan take na kwana biyu, ko da mai aikin yana riƙe da takardar izini, kafin a zauna a duba. Kafin dokar ta fito, muna roƙon fada ta umarci dagatai da masu unguwanni kada ɗayansu ya sake sa hannu a cinikin fili a kan badala, wanda ya ga an sauke inji kuma ya sanar da hakimi a daren. A kuma turo wakilin fada mu zagaya da shi, mu nuna masa abin da ya rage kafin damina ta faɗi.

Allah ya taimaki Sarki.

Mu ne talakawanka,
mazauna unguwannin bakin badala, Birnin Kano.