Sansanin matasa na coci ba ɗakin wa'azi kaɗai ba ne

Ranka ya daɗe Edita,

A ba mu fili mu yi magana kan sansanonin kwana da majami'u ke gudanarwa a Filato lokacin dogon hutu. Tun 1886, da ƙungiyar samarin Kirista ta Boys' Brigade ta yi sansaninta na farko a Sikotland, manufar ita ce yaro ya bar gida, ya ɗauki nauyin kansa da na 'yan rukuninsa. Addu'ar safe da nazarin Littafi Mai Tsarki na nan, amma hawan dutse, girki da wanki su ma darasi ne. In aka cika yini da wa'azi, an ɓata kuɗin iyaye.

Matsala takan fara daga ruwa. A tanadi aƙalla lita 20 ga kowane yaro kullum, masai ɗaya ga mutum 20, da sabulu a bakin ƙofarsa, in ba haka ba zawo ya kwantar da rukuni guda. Kowane jagora ya riƙe yara 10, masaukin mata daban, kowa da gidan sauro. Iyaye su rubuta ko yaro na da sikila ko asma. Kududdufan da haƙar kuza ta bari kuwa a hana wanka cikinsu sam: bakinsu na zaftarewa, zurfinsu ba ya ganuwa.

Naku,
Wasu jagororin matasa, Jos