Rera waƙa da harshe daban, jin harshen daban

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu sauraron shirinku na kaɗe-kaɗen duniya, kuma na ji daɗin fitowar da kuka yi a kan mawaƙan rok na Turai da harsunan da suke yi. Sai dai akwai inda nake son mu gyara zance. Mai gabatarwa ya haɗa su duka a kwando ɗaya, ya ce mutane ne masu jin harsuna barkatai. Ni malamin Faransanci ne, na daɗe a aji, kuma abin da nake fama da shi kullum shi ne bambanta yaron da ya haddace da yaron da ya gane.

Ɗauki Beatles, ƙungiyar mawaƙan Ingila. Gaskiya ne sun yi waƙoƙi biyu da Jamusanci, amma yaya aka yi? Kamfanin da ke sayar da faifansu a Jamus ne ya nace cewa Jamusawa ba za su saya ba sai da harshensu. Aka kira Camillo Felgen, ɗan Luzambur, ya juya musu baitocin, ya koya musu lafazi, suka shiga ɗakin ɗaukar murya a Paris ranar 29 ga Janairun 1964 suka rera. Sun yi zaman Hambug ta Jamus tsakanin 1960 da 1962 suna kiɗa a gidajen rawa, don haka ba su rasa 'yan kalmomi ba, amma wannan aikin hadda ne aka yi don kasuwa. David Bowie, mawaƙin Ingila, shi ma ya maimaita shahararriyar waƙarsa "Heroes" ta 1977 da Jamusanci da Faransanci, lokacin yana zaune a Berlin ta Yamma.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya ruɗe mu ba. Mun tashi da waƙoƙin Indiya. Ina da ƙanwa da za ta rera maka waƙar fim tun daga farko har ƙarshe tana tsince shinkafa, ba ta kuskure ko gaɓa ɗaya, har jan muryar nan duk tana yi. Da Ba'indiye zai tambaye ta hanyar kasuwa, kallonsa kawai za ta yi.

Wanda zan yarda a ce yana jin harshe shi ne Mick Jagger. Ƙungiyarsa ta Rolling Stones ta koma kudancin Faransa a 1971 saboda nauyin haraji a Ingila, daga baya ya sayi gida a yankin kogin Luwar. Na sha kallon hirarsa da 'yan jaridar Faransa. Ana yi masa tambaya, ya saurara, ya amsa nan take da Faransanci, lafazinsa na Bature ɗan Ingila, wani lokaci ya tsaya neman kalma ya samo ta ya ci gaba. Wannan tsayawar ita nake nuna wa ɗalibaina, domin mai hadda ba ya neman kalma, in ta ɓace masa shi ke nan.

Kada a ɗauka raina masu haddar nake yi. Akwai abin da Freddie Mercury, mawaƙin ƙungiyar Queen, ya yi a Budafes, babban birnin Hangari, a watan Yulin 1986 wanda har yau yake taɓa min zuciya. Hangari tana ƙarƙashin mulkin kwaminisanci a lokacin, filin wasa cike maƙil. Ya tsaya da mai jita ɗaya a gefensa, ya fara wata tsohuwar waƙar gargajiya ta mutanen ƙasar da harshensu. Baitocin a tafin hannunsa ya rubuta su, yana rerawa yana leƙa hannun, jama'a suka karɓa gaba ɗaya. Mutumin da aka haifa a Zanzibar a 1946, ya yi makaranta a Indiya, ya san yadda baƙo yake shiga gidan mutane. Bai iya harshen ba, amma ya girmama masu shi, kuma haka ya kamata a faɗa wa mai sauraro.

Abin da ya fi damuna shi ne, an gama shirin ba a ambaci namu ba ko sau ɗaya. Tal National na Yamai suna kaɗa jita mai zafi, suna sauya harshe daga Hausa zuwa Zabarmanci zuwa Fulatanci zuwa Buzanci a dare guda, kuma a cikinsu akwai masu kowane harshen, ba wanda ya rubuta komai a hannu. Mdou Moctar, Buzun da ya ƙera jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bi wayoyin hannu suka bazu a Sahara. Yau yana cika dandali a Amurka da Buzancinsa, Turawa na ihu ba tare da sun san abin da yake cewa ba.

Ina roƙon ku sake waiwayar batun a wani shirin. Ku sa mana Jagger yana magana da Faransanci mu ji da kunnenmu, sannan ku gayyato ɗaya daga cikin 'yan Tal National ya faɗa mana a ina ya koyi kowane harshe da yake waƙa da shi.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naku mai sauraro,
Malamin Faransanci daga Damagaram