Ƴan zubin tukunya, a yi hattara da ƙarfen maganiziyam

Assalamu alaikum Malam Edita. Ni mai walda ne a nan Maradi, don Allah a ba ni fili in yi wa ƴan'uwana masu zubin tukwane magana.

Kwanaki wani yaro ya kawo min murfin inji ya lanƙwashe, na ɗauka alminiyam ne, ina sa guduma sau biyu sai ƙas, ya tsage. Ashe maganiziyam ne. A ido kamar ɗaya suke amma ɗaga ka ji, ya fi alminiyam rashin nauyi da wajen kashi ɗaya cikin uku. Kuma ba ya son bugu a sanyi, don tsarin ƙwayoyinsa mai kusurwa shida ne, hanyoyin da za su zame kaɗan ne, sai ya ji zafi sama da digiri 200 yake yarda ya lanƙwasu. Nau'in maganiziyam da aka fi zuba kayan inji da shi, wanda ake kira AZ91, akwai alminiyam kashi 9 da zinki kusan kashi 1 cikin ɗari a ciki, in aka gasa shi a hankali wasu ƙananan ƙwayoyi ke fitowa cikin jikinsa su ƙara masa tauri, amma zafi na wuce digiri 120 ƙarfin ya fara raguwa.

Abin da ya fi tada min hankali wuta ce. Bola-bola na haɗa komai wuri guda, in maganiziyam ya faɗa kaskon narki zai iya kamawa da farin haske mai kashe ido, in ka watsa ruwa wallahi ƙara mata kayi, busasshen rairayi ake zubawa. Kafin ku narka, ku kankare gefe ku ɗiga lemun tsami, in ya yi kumfa ku ware shi.

Naku, mai walda daga Maradi