Rahoton Ayyukan Shekara: Kwaɗayin Zaƙi da Dawowar Ƙiba Bayan Tiyata

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu.

A madadin kwamitin gudanarwa, ga bayanin ayyukan da ƙungiyarmu ta waɗanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba ta gudanar a shekarar da ta ƙare. Bayanin kuɗi yana hannun ma'aji, zai gabatar da shi daban.

Tun farkon shekara kwamiti ya karkata akalar aiki zuwa ga tsofaffin hannu, wato waɗanda tiyatarsu ta haura shekara uku. Rajistar halartar taro ce ta sa haka. Sababbi ba sa fashi: kaya sun yi musu yawa, kowa na yaba su, suna da labarin bayarwa. Amma wanda ya shiga shekara ta huɗu ko ta biyar, da zarar sikeli ya fara hawa sai a neme shi a rasa. Ya daina ɗaga waya, ya daina komawa asibiti, alhali a daidai wannan lokacin ya fi kowa buƙatar ƙungiya.

Aikin farko shi ne kiran waya. Mun nemi 'yan sa kai daga cikin tsofaffin mambobi, musamman waɗanda su ma nauyinsu ya taɓa dawowa, suka bi sunayen da suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Amsoshin kusan iri ɗaya ne. "Na ci amanar tiyatar." "Da wane ido zan kalli likita?" "Cikina ya buɗe, aikin ya lalace." Da yawa sun ce hawa sikeli a gaban jama'a ne ya kore su, don haka aka mayar da sikelin bayan labule, mai so ya hau, ba wanda zai tambaye shi abin da ya gani. Wasu mambobi sun yi ƙorafi cewa an sassauta da yawa. A ganina mutumin da yake zaune a cikinmu da ƙarin kilo goma ya fi kusa da mafita a kan wanda ya kulle kansa a ɗaki da irin wannan kilo goman.

Laccar da ta fi tara jama'a ita ce ta likitan tiyata, domin ya zo da alƙaluma. Ya kawo binciken ƙasar Suwidin da aka fara a 1987, aka bi mutane shekara da shekaru. Sakamakon da aka fitar a 2007 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa baifas, wato tiyatar da ake ware 'yar jaka a saman tumbi a haɗa ta da hanji kai tsaye, sun zubar da kashi 32 cikin 100 na nauyinsu a shekara ɗaya zuwa biyu na farko, amma bayan shekara 10 abin ya tsaya a kashi 25. Ya ƙara da wani bincike na Amurka da aka wallafa a 2018 a kan mutum 1,406 masu baifas: shekara biyar bayan sun kai mafi ƙarancin nauyinsu, matsakaicin abin da ya dawo ya ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu na abin da suka zubar. Wato dawowar wani ɓangare na nauyi ita ce hanyar da akasarin mutane ke bi, kuma duk da haka suna nesa da inda suka fito. Likitan bai bar mu mu ɗauki wannan a matsayin lasisi ba. Ya ce 'yan kilo da suka dawo suka tsaya daban, hawan da ba ya tsayawa daban, balle idan ciwon suga ko hawan jini ko minsharin da ya tafi ya soma leƙowa. Na biyun ba ya jiran taron wata, asibiti ake kai shi.

Ya kuma bayyana dalilan. Akwai sinadarin yunwa mai suna girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999, kuma yawancinsa daga saman tumbi yake fitowa. A tiyatar silib ana cire kusan kashi 80 na tumbin har da wannan ɓangaren, shi ya sa a watannin farko sai an tuna wa mutum ya ci abinci. Da tafiya ta yi nisa yunwa takan dawo. Jikin da ya ragu yana ƙona abinci ƙasa da yadda yake yi da, kuma 'yar jakar tumbin da aka bari ko mafitarta takan ɗan saki. Sai kuma abin da kowa a zauren ya gyaɗa kai da jin sa: nama da ƙwai suna tokare ciki, loma kaɗan an ƙoshi, amma biskit, cakulan, askirim da lemon kwalba suna sulalewa ba wata turjiya. A hankali mutum ya koma wa abin da ba ya wahalar da shi, yana tsakura daga safe har dare, bai taɓa zama ya ci da yawa ba, amma lissafin yini ya wuce na mai cikakken ciki.

Aikin da ya fi cin lokacinmu, kuma ya fi amfani, shi ne littafin bibiya. Duk wanda ya shiga ya yi mako biyu yana rubuta lokacin da ya ci, abin da ya ci, da yadda ya ji bayan awa ɗaya zuwa uku. Ƙungiya ta ba da aron na'urorin gwajin sukari ga waɗanda ba su da su. Wata 'yar uwa mai baifas ta yarda a karanta nata a taro ba tare da suna ba. Ƙarfe goma na safe a ofis, shayi mai sukari da biskit. Wajen sha ɗaya da rabi, gumi a goshi, hannu na karkarwa har biro na zamewa, zuciya na bugawa, ta kasa haɗa lissafin da take yi kullum. Ta buɗe durowa ta cinye cakulan guda a tsaye, ta dawo hayyacinta. Ƙarfe ɗaya da wani abu, abin ya sake dawowa. A gefen shafin ta rubuta da jan biro, "Ba ni da zuciya." Ranar da ta soki yatsa a lokacin karkarwar, na'ura ta nuna sukarin jininta ƙasa da 54, wato ya faɗi sosai.

Masaniyar abinci ta warware mana abin. Bayan baifas, wani lokaci har bayan silib, sukari yana faɗawa hanji kai tsaye ya shiga jini da gudu. Hanji ya saki sinadarin GLP-1 mai ingiza fitar insulin da yawa, jiki ya kwararo insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, fiye da kima, bayan awa ɗaya zuwa uku sukarin jini ya rikito ƙasa. A wannan halin ƙwaƙwalwa zaƙi kawai take nema, da gaggawa, kuma zaƙin da aka ba ta shi ne zai haifar da faɗuwa ta gaba. Yawanci wannan matsala ba ta bayyana sai bayan shekara guda ko fiye da tiyata, lokacin da an riga an rage zuwa asibiti, shi ya sa mutane da dama ba su taɓa jin labarinta ba. Wa'azi a kan haƙuri ba ya maganin insulin.

Shawarwarinta ba su da sarƙaƙiya. A fara da furotin a kowane ci, a samu aƙalla giram 60 a yini. Mai wannan matsala ya tsaya a kusan giram 30 na abinci mai sitaci ko sukari a babban ci, giram 15 a ɗan abin taɓawa, kuma kada a ci su tsurarsu. Ba a shan ruwa a kan abinci, a jira minti 30. Abin sha mai zaƙi kuwa ta ce a fitar da shi daga gida gaba ɗaya: gwangwani ɗaya na lemo mai mililita 330 yana ɗauke da kusan giram 35 na sukari, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ce ya fi kyau babban mutum ya tsaya a wajen giram 25 a yini, kimanin ƙaramin cokali shida. Idan sukari ya faɗi ƙasa da 70, a sha giram 15 na gulukos, a sake gwadawa bayan minti 15, a bi da abu mai furotin, kuma kada a kama sitiyari a wannan hali. Wanda gyaran abinci bai wadatar masa ba akwai magani irin su akabos da likita kan rubuta. Mun tura mambobin da littafinsu ya nuna haka wurin likitocinsu da littafin a hannu.

Ba kowane kwaɗayi ne na sukarin jini ba. Wasu littattafan sun nuna lambobi lafiya ƙalau, amma ƙarfe sha ɗaya na dare hannu yana cikin firji, bayan rigima a gida ko yinin kaɗaici. Domin waɗannan mun yi zama na sirri da masanin halayyar ɗan Adam, a ƙananan rukunoni, kuma abin da aka faɗa a can ba zai shiga rahoto ba. Abin da zan iya kawowa shi ne batun barci: a wani gwaji na Jami'ar Shikago a 2004, samari masu lafiya da aka taƙaita wa barci zuwa awa huɗu na dare biyu, girelin ɗinsu ya hau da kashi 28, kuma abin da suka fi marmari shi ne kayan zaƙi da sitaci. An kuma ja hankali kan giya, wadda ke shiga jini da sauri bayan baifas har wasu su kamu da ita, da kan magungunan da ke ƙara ƙiba kamar sitiroyid da wasu na ciwon damuwa, waɗanda ba a dainawa sai da izinin likita. Wani dattijo a cikinmu ya ce shi ba zaƙi ke damunsa ba, ƙanƙara yake tauna dare da rana. Gwajin jini ya nuna ƙarancin sinadarin ƙarfe.

Zaman da ya fi zafi shi ne na alluran rage ƙiba. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da semagulutayid don rage ƙiba a 2021, tizefatayid a 2023. A gwajin da aka yi a Landan aka wallafa a 2023, mutum 70 da tiyata ba ta rage musu yadda ake so ba, masu karɓar wata irin allurar mai suna liragulutayid sun zubar da kusan kashi 9 na nauyinsu cikin mako 24, sauran kuwa, da aka yi wa allurar da ba magani a ciki, ko kashi 1 ba su kai ba. Amma wani binciken ya nuna waɗanda suka daina semagulutayid sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar a cikin shekara guda. Wasu mambobi sun kira allurar ha'inci. Na yi mamakin jin haka daga bakin mutanen da aka sha yi wa gorin sun bi gajeriyar hanya da tiyata. Matsayar ƙungiya dai ita ce: shawarar tsakanin mutum da likitansa take, ba ma yarda da sayen allura a hannun masu talla a intanet, ba a kuma aron ta juna. Haka batun sake tiyata ko matse mafitar tumbi ta baki da na'urar hangen ciki, sai an fara da gwaji a ga ko akwai abin gyara.

Sauran ayyukan sun tafi yadda aka saba. Tattakin ƙarshen mako ya ci gaba, an ƙara masa atisayen ƙarfafa tsoka. Mun yi taron wayar da kai ranar 4 ga Maris, Ranar Ƙiba ta Duniya. A zaman iyali mun roƙi maza da mata da 'ya'ya su ajiye aikin ɗan sanda, domin "ke da aka yanke wa ciki me ya haɗa ki da cakulan?" ba ta hana ci, ɓoyewa kawai take koyarwa.

Abubuwa biyu ba su kammalu ba. Maza har yanzu ƙalilan ne a zaman rukuni, kuma buƙatar da muka kai wa wani asibiti ta ware rana guda a wata don waɗanda suka daɗe da yin tiyata ba ta samu amsa ba tukuna. Kwamiti zai sake bibiya. Littafin bibiya zai koma buɗe a wata na biyu ga waɗanda ba su samu shiga ba. Duk wanda ya haura shekara bai yi gwajin jini na B12, ƙarfe, bitamin D da kalsiyam ba, ya sanar da sakatare kafin taro mai zuwa domin a haɗa sunaye. A wannan taron ne kuma za a cike gurbin mataimakiyar shugaba da na jami'in walwala.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa