Sanarwa: zaman Asabar kan sankarar mama

Assalamu alaikum ƴan uwa mata, barkanmu da warhaka. Ranar Asabar bayan La'asar in sha Allah za mu haɗu a Islamiyyarmu, wata likita za ta zo ta mana bayani kan sankarar mama, ta nuna mana yadda ake duba kai da hannu bayan an gama al'ada. Kulli a mama ko hammata, kan nono ya shige ciki ko jini na fita, don Allah kar kunya ta sa a zauna ana shafe-shafen magani a gida, a asibiti ake tantancewa da sikanin ko mamogiram (hoton cikin mama da na'ura) sannan a ɗebi ɗan nama da allura a gwada, kuma ba kowane kulli ne sankara ba. Kowa ta gayyato ƙawa ko ƙanwa, mai zuwa ta rubuta suna a nan kafin Alhamis saboda kujeru. Allah ya ƙara mana lafiya.