Gatsen annabi Iliya ba izinin yi wa maƙwabci ba'a ba ne

Malam Edita,

Ina gaishe ka da ma'aikatanka, da fatan aiki na tafiya lafiya. Ni Kirista ne, haifaffen Damagaram, na daɗe ina koyar da matasa Littafi Mai Tsarki a majami'armu. Wata ɗabi'a ce da ke yaɗuwa tsakanin samarinmu a WhatsApp da Facebook ta sa na rubuto. Yaro zai yi wa addinin wani ba'a, in ka tsawata masa ya ce ai annabi Iliya ma ya yi wa annabawan gunkin Ba'al gatse a Dutsen Karmel. Na kawo maganar jaridarka ne don Kirista da Musulmi duk suna karanta ta, ina kuma so maƙwabtanmu su ji daga bakinmu cewa ba haka littafinmu ya koyar ba.

Gatse kam akwai shi a Littafi Mai Tsarki, ba kaɗan ba, kuma wanda bai gane shi ba zai yi ta tuntuɓe. A Amos 4:4 annabin ya ce wa Isra'ilawa su zo Betel su yi zunubi, su je Gilgal su ƙara a kai, wato wuraren da suke zuwa ibada. Wata Lahadi wani saurayi ya karanta ayar a gaban jama'a da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Da aka tashi wata tsohuwa ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Malam, yau kuma Allah ne da kansa ya ce a je a yi zunubi?" Tambayarta tana kan hanya, don da kunne take karɓar Maganar, yadda aka karanta mata haka take ɗauka. Na ce, "Inna, zauna ki ji sura ta 5." A can Amos ɗin nan ya ce kada su nemi Betel, kada su shiga Gilgal, su nemi Ubangiji su rayu. Nan take ta gane cewa na farkon faɗan uba ne da ya gaji da kashedi.

Labarin da na fi so in koya wa yara shi ne na annabi Mikaiya a 1 Sarakuna 22. Sarki Ahab yana shirin yaƙin Ramot-gileyad, annabawa wajen 400 sun haɗa baki sun ce ya tafi, nasara tasa ce. Manzon da aka aika kiran Mikaiya har ya ja masa kunne a hanya cewa ya faɗi abin da sauran suka faɗa. Da ya tsaya gaban sarki sai ya maimaita maganarsu, ya ce ya tafi zai yi nasara. Ahab bai yi murna ba. Ya harzuƙa ya ce sau nawa zai rantsar da shi kada ya gaya masa komai sai gaskiya. Ka ga ba wanda aka yaudara a fadar nan. Sarki ya ji muryar, ya san abin da ake nufi, daga nan Mikaiya ya fito fili ya ce ya ga Isra'ila a warwatse kan duwatsu ba makiyayi. Ladansa mari ne da kurkuku. Ahab kuwa ya tafi yaƙin bai dawo da rai ba.

Yanzu a duba waɗanda ake yi wa gatsen. Amos mutanen da ke kiran sunan Allahnsa ya yi wa. Mikaiya sarki mai iko da ransa ya yi wa, ido da ido. Ayuba abokansa ya ce wa lalle su ne mutane, ran da suka mutu hikima ta mutu (12:2), bayan sun dame shi da wa'azi yana cikin ciwo. Manzo Bulus ya rubuta wa Korintiyawa, ikilisiyar da shi ya kafa, cewa ashe har sun ƙoshi, sun yi arziki, sun zama sarakuna, alhali manzanni suna fama da yunwa da tsumma (1 Korintiyawa 4:8-13). A aya ta 14 kuma ya ce ba don ya kunyata su ya rubuta ba, gargaɗi ne ga ƴaƴansa ƙaunatattu. Wannan ayar ce samarinmu ke tsallakewa.

Iliya ma da suke kafa hujja da shi, ba ƙetare iyaka ya yi ya je ya tsokani baƙi a garinsu ba. A ƙasarsa yake, Yezebel matar sarki Ahab tana kashe annabawan Ubangiji har Obadiya, wakilin fadar sarki, ya ɓoye 100 daga cikinsu a koguna, shi kaɗai yana fuskantar annabawan Ba'al 450 da fada ta ɗaure wa gindi. Jawabinsa kuma ga jama'arsa ya fara, yana tambayarsu har yaushe za su yi ta raba hankali biyu. Mutumin da ya sa wuyansa a kan wuƙa daban yake da yaron da ke zaune a fadar samari yana shan shayi yana tura saƙo da sunan ƙarya. In kuwa koyi da Iliya ake so, Yakubu da Yohanna, almajiran Yesu, sun riga mu gwadawa. Da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, suka nemi izinin kiran wuta daga sama, ya juya ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye (Luka 9:54-56).

Mu a Nijar bai kamata wannan ya yi mana wuyar ganewa ba. Wasan taubasai na Nijar, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2014, irin wanda ke tsakanin Barebari da Fulani, yana da daɗi ne saboda zumuncin da ke ƙarƙashinsa. Baƙo ya ɗauki maganar nan ya faɗa, ta zama zagi.

Mun kuma ga inda ba'a kan addini ke kaiwa. A Janairun 2015 zanen ba'a da aka buga a Faransa ya zama sanadin ƙona majami'u a nan Damagaram da Yamai. Ƙona ɗakin ibada zalunci ne, ba wani uzuri da zai wanke shi. Amma mu da muka sha wannan zafi, mu ne ya fi cancanta mu ƙyamaci izgili da abin da wani yake girmamawa. A labarin gicciye, masu ba'ar su ne sojojin da suka sa wa Yesu jar alkyabba da rawanin ƙaya suna gaishe shi da sarauta. A bangaskiyarmu abin da suka faɗa da raini gaskiya ne, su ne ba su sani ba. Raina yana ɓaci in ga ɗan da na koyar ya ɗauki aikin sojojin nan yana zaton na annabi ne.

Roƙona ga fastoci da dattawan ikilisiya a Damagaram, Maradi da sauran wurare shi ne a riƙa zama da mai karatu kafin Lahadi, a nuna masa inda murya za ta sauya, kada kuma a yanke karatun kafin ayar da ke warware gatsen. Iyaye su ma su leƙa abin da ƴaƴansu ke turawa a waya, su karanta musu 1 Bitrus 3:15-16, inda aka ce mu amsa wa mai tambayar bangaskiyarmu da tawali'u da ladabi.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Wani malamin matasa a majami'a,
Damagaram