Wasiƙa daga Greensboro: kwana uku da suka fi wata huɗu

Greensboro, Karolina ta Arewa, Amurka

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi. Mu ma nan lafiya lau, sanyi ya fara sakinmu.

Saƙonka na murya ya iso, na saurara har sau biyu ina dariya. Wai ka kira ni ranar Asabar na ce maka ina kallon ƙwallo, da ka bincika sai ka tarar ba Arsenal ba ce, ba Barcelona ba ce, 'yan jami'a ne, kuma ƙwallon kwando. Ka ce Amurka ta gama lalata ni. To tunda ka taɓo, gyara zama ka sha labari, waya ba za ta ɗauke shi ba.

Jami'o'in ƙasar nan rukuni-rukuni suke a harkar wasanni. Namu na wannan yankin shi ne ACC, wato rukunin gaɓar Tekun Atlantika, kuma a gefen garin nan aka haife shi, a watan Mayun 1953, a wani masauki da ake kira Sedgefield. Makarantu bakwai ne suka ɓalle daga tsohon rukuninsu na Kudu: Clemson, Duke, Maryland, North Carolina, NC State, South Carolina da Wake Forest. Kafin shekarar ta ƙare Virginia ta shigo, suka cika takwas. Huɗu daga ciki duk a wannan jihar suke, ƙasar manoman taba, kuma tsakanin Duke da North Carolina tafiyar ba ta kai ta minti talatin a mota ba. Ka san gabar maƙwabta ta fi ta nesa zafi.

Ni da kaina na ɗanɗana. Farkon zuwana, wata Juma'a na dawo daga masallaci sanye da shaddar nan ruwan sararin samaniya da ka ɗinka mini, sai maƙwabcina, wani dattijo da ya haura saba'in, ya hango ni daga barandarsa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya girgiza kai, ya ce ya ɗauka ni mutumin kirki ne. Na tsaya sororo ina tunanin laifin da na yi. Ashe shuɗi mai haske launin North Carolina ne, shuɗi mai duhu na Duke, shi kuwa ɗan ja ne, NC State, tun kakanni. Ya shigar da ni falonsa, ya zuba mini shayi mai ƙanƙara, ya fara karanta mini tarihi. Yawancin abin da zan faɗa maka a bakinsa na fara ji, daga baya na bi na tabbatar. Kuma kada in ɓoye maka, tun ranar na zama ɗan ja.

Ga inda ni da kai za mu saɓa. Kai mutumin lig ne: wanda ya fi tara maki daga farkon kaka zuwa ƙarshe shi ne zakara, magana ta ƙare. A ACC ba haka ba ne. Za a yi wata huɗu ana fafatawa gida da waje, sannan a watan Maris a tattaru a zaure ɗaya a yi gasar sili-ɗaya-ƙwale, a wancan zamanin cikin kwana uku, Alhamis zuwa Asabar. Wanda ya ci wannan shi ne zakaran rukuni, tun 1961 ma aka rubuta haka a dokarsu. Abin da ya sa lamarin ya zama na a-mutu-ko-a-yi-rai shi ne, har zuwa 1974 makaranta ɗaya tak kowane rukuni yake turawa babbar gasar ƙasa ta NCAA. Ko ka cinye kowa tun daga Disamba, ka yi tuntuɓe dare ɗaya, sai ka tattara ka koma gida.

Wanda ya kafa wannan al'ada da ƙarfinta shi ne Everett Case, kocin NC State, mutumin Indiana da ya zo Raleigh a 1946. A zaurensa na Reynolds aka yi gasar farko a 1954, kuma a nan aka ci gaba da yi har 1966. Shi ya ci uku na farko a jere. Ka taɓa ganin 'yan wasa sun hau tsani suna yanke ragar kwando da almakashi bayan sun ci kofi? Shi ake danganta wa kawo wannan ɗabi'a yankin nan.

Masu ra'ayinka suna da hujja, ban musa ba. A 1970 South Carolina ta buga wasa 14 na rukuni, ta ci 14. Aka zo gasa, gwaninsu John Roche ya gurɗe a idon sawu a wasan kusa da na ƙarshe, NC State ta ja musu wasan ƙarshe a hankali kamar mai jan akuya, ta cinye su 42 da 39 bayan ƙarin lokaci har sau biyu. Shi ke nan, aikin wata huɗu ya bi ruwa.

Wannan jan wasa ma labari ne mai zaman kansa. A lokacin babu agogon da ke tilasta wa ƙungiya ta jefa ƙwallo cikin 'yan daƙiƙu, don haka mai jin tsoron abokin karawarsa sai ya riƙe ƙwallo ya ƙi saki. A 1968 a Charlotte, NC State ta ci Duke 12 da 10. Ba kuskuren rubutu na yi ba. An tafi hutun rabin lokaci 4 da 2, a wasan da aka saba ganin maki saba'in ko tamanin. Dattijona yana ba da labarin yana alfahari, ni kuwa na ce masa da ni na sayi tikitin, sai an dawo mini da kuɗina. A 1982 kuma, a nan Greensboro, Dean Smith na North Carolina, da James Worthy da wani sabon yaro mai suna Michael Jordan a hannunsa, ya sa suka baza kansu kusurwa huɗu suna 'yar miƙa-miƙa na kusan minti bakwai na ƙarshe, don gudun Ralph Sampson na Virginia, mai tsawon ƙafa bakwai da inci huɗu. Suka ci 47 da 45, duk ƙasa tana kallo a talabijin tana tsaki. Kaka mai zuwa ACC ta gwada agogon daƙiƙa 30, a 1985 kuma aka sa na daƙiƙa 45 a duk ƙasar.

Amma wasan da ba a gajiya da labarinsa a garin nan shi ne na 9 ga Maris, 1974. NC State ce ta ɗaya a duk Amurka, Maryland ta huɗu, kuma dole ɗaya ta zauna a gida. Dattijona ya ce yana cikin zauren a daren, can sama kusa da rufi, kuma bai tuna ya zauna a kujerarsa ba ko sau ɗaya. A ɓangaren ja akwai David Thompson mai tsalle kamar an ɗaura masa fiffike, da ɗan guntun Monte Towe, da zanƙalelen Tommy Burleson wanda ya zuba maki 38 shi kaɗai. Maryland kuwa tana da Len Elmore, Tom McMillen da John Lucas, kocinsu Lefty Driesell. Babu jan wasa, babu ɓoye ƙwallo, gudu ne tun daga farko har aka tashi kunnen doki, aka shiga ƙarin lokaci, NC State ta tsira da 103 da 100. Aka gayyaci Maryland wata ƙaramar gasa, suka ce sun gode, ba sa zuwa. NC State kuma ta wuce ta kayar da UCLA, wadda ta ci kofin ƙasa sau bakwai a jere, a cikin wannan zaure dai na Greensboro, sannan ta ɗauki kofin. Shekarar da ta biyo aka faɗaɗa gasar ƙasa zuwa makarantu 32, aka yarda rukuni ya tura fiye da ɗaya. Hawayen Maryland na cikin abin da ya buɗe wannan ƙofa.

To a nan nake ganin ka yi gaskiya rabi. An gyara zalunci, amma an rage gishirin miyar. Yanzu Duke ko North Carolina, in sun yi kaka mai kyau, ko an fitar da su ranar farko gurbinsu na nan a gasar ƙasa, sai su je su huta. Wanda gasar ta rage wa amfani shi ne mai rauni, domin har gobe wanda ya ci kofin ACC yana da tikiti kai tsaye, ko da kakarsa ta lalace.

Ka tuna Hakeem Olajuwon, ɗan Legas? Wannan ƙofar ce ta hana shi kofin jami'a a 1983. NC State ta Jim Valvano ta je gasar ACC a Atlanta tana tangal-tangal, ta ci Wake Forest da maki ɗaya, ta ci North Carolina ta su Jordan a ƙarin lokaci, ta ci Virginia ta Sampson. Ta yi ta lallaɓawa har wasan ƙarshe na ƙasa, inda ta haɗu da Houston ta Hakeem. A daƙiƙar ƙarshe Dereck Whittenburg ya jefa daga nesa, ƙwallo ta gaza isa, Lorenzo Charles ya cafe ta a sama ya dankara a kwando, 54 da 52. Duk da haka Hakeem aka ba kyautar gwarzon gasar. In muka zo nan da dattijona sai in yi shiru, don zuciyata rabuwa take biyu.

Wanda na gani da idona a talabijin shi ne na 2024, da aka yi a Washington, kuma ya faɗo a farkon azumi. NC State ta shiga a matsayi na goma, ba wanda ya sa ta a lissafi, ana ma raɗe-raɗin za a sallami kocinsu. Sai da ta buga wasa biyar cikin kwana biyar: Louisville, Syracuse, Duke, Virginia, North Carolina. Akwai wani yaro a cikinsu, Mohamed Diarra, haifaffen Faransa, yana azumi yana wannan gudun, kuma shi ke kan gaba wajen kwashe ƙwallayen da suka dawo daga kwando. Ni da nake zaune a kujera kawai ina jin ƙishirwa, sai kunya ta kama ni. Daren Juma'a, na dawo daga asham na haye gidan dattijo da kofin kununa a hannu. Virginia tana gaba da maki uku, saura daƙiƙa biyar, ɗan wasansu ya zubar da jifan kyauta. Michael O'Connell ya kwaso ƙwallo da gudu ya wurga daga gefe, ta daki allo, ta yi ta kewaya bakin kwando kamar mai shawara, sannan ta faɗa, aka yi kunnen doki, NC State ta ci a ƙarin lokaci. Tsohon nan da ke tafiya da sanda ya miƙe tsaye babu sanda, kununa kuwa ya ƙare a kan kafet ɗin matarsa. Washegari suka ci North Carolina 84 da 76, kofinsu na farko tun 1987. Ya yi kuka wiwi, ban taɓa ganin haka ba.

A lissafin kofuna dai Duke ce a gaba da sama da ashirin, sai North Carolina, sai mu. Wannan ba na son daɗewa a kansa.

Abin da ke ci wa mutanen garin nan tuwo a ƙwarya shi ne yadda kuɗin talabijin na ƙwallon Amurka, wadda ake gudu da ita a hannu, ya sauya rukunin. Maryland ta fice a 2014. Yanzu makarantu 18 ne, har da Stanford da California da ke can gaɓar ɗaya tekun, amma sunan Atlantika na nan. A 2023 aka kwashe hedikwatar daga Greensboro zuwa Charlotte bayan shekara saba'in. Gasar ma yawo take, yau Brooklyn, gobe Washington, alhali ba garin da ya karɓi baƙuncinta kamar nan. Waɗanda suka tashi a jihar nan suna ba da labarin yadda ranar Juma'ar gasa malamai kan turo talabijin a kan amalanke har cikin aji, a ajiye alli a kalli wasa. Ɗana da ke firamare na tambaye shi ko ana yi musu haka, ya ce shi bai taɓa gani ba.

'Yan uwanmu na Nijar suna da yawa a garin nan, kuma yaransu da aka haifa a nan duk sun rabu, wannan shuɗi wancan ja, har a harabar masallaci ana musu bayan sallah. Iyayen dai har yanzu suna tare da kai, Real da Barca.

Zan aiko maka da jar riga ta hannun wanda zai taho bayan Sallah, ka sa ta ko don ni. In za ka sake yi mini ɗinki kuma, don Allah ka duba launi. Ka gaishe da Baba da Hajiya, da duk 'yan majalisa, ka ce wa mai shayi bashinsa na nan ban manta ba.

Wassalam,
Naka amini